Kunkunniyar injin dizal da haƙƙin mai shaƙar iska

Injin dizal yana shaƙar iska ta wani bututu mai rassa da ke kwance a jikin kan injin, wanda makanikai ke kira manifol. Kowane reshe yana kai iska silinda guda. A sabuwar mota cikin bututun nan fes yake, amma bayan shekaru ana aiki, idan aka kwance shi sai a tarar baƙar dauɗa mai danƙo ta lulluɓe bangonsa, wani lokaci har ta cinye fiye da rabin hanyar. A gareji ana ce mata kabon. Ita da kunkunniyar rufin ɗakin girki asalinsu ɗaya ne: hayaƙi ya haɗu da maiƙo.

Hayaƙin ba kuskure ne ya kai shi hanyar iska ba, maƙera injin ne suka tura shi da gangan. Iskar da ake shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 kuma oksijin. A yanayi na yau da kullum su biyun ba sa haɗuwa, amma a tsananin zafin da ke cikin silinda sukan haɗu su haifar da sinadaran da ake kira NOx. Waɗannan sinadarai suna fusata huhu, suna tayar wa mai asma ciwonsa, kuma yara da tsofaffi sun fi jin jiki. Dabarar rage su ita ce a sassauta zafin ƙonewar mai. Don haka aka ƙera wani bawul mai suna EGR, wanda ke ɗebo kaso daga hayaƙin da ke kan hanyar salansa ya mayar da shi cikin manifol. Hayaƙin da ya riga ya ƙone ba ya sake ci, sai ya rage oksijin ya sanyaya wutar. A cikin wannan hanya kuma akwai tururin baƙin mai da injin ke fitarwa daga ƙasansa. Idan toka ta gamu da tururin, sai ta manne. Yawan barin mota tana aiki a tsaye, gajerun tafiye-tafiye cikin cunkoso, gurɓataccen man gas da jinkirin juye baƙin mai duk suna hanzarta taruwar.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Mota ta yi nauyi a hawa, ta riƙa aman baƙin hayaƙi idan an taka totur, shan mai ya ƙaru. Maganin aiki ne na haƙuri. Ana cire batir, a kwance manifol da bawul ɗin, a toshe ramukan kan injin da tsumma mai tsabta don kada gutsure ya faɗa silinda. Sai a kankare dauɗar, a jiƙa da kananzir ko wani sinadarin narka maiƙo, a goge da buroshi, a wanke, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar da shi da sabon gasket. Bushewar ba abin wasa ba ce, domin ruwa ba ya matsuwa, kuma kaɗan daga cikinsa a silinda ya isa ya lanƙwasa sandar fistan. Soda mai ƙarfi tana cin alminiyam. Ƙona dauɗar da wuta, kamar yadda wasu ke yi, ba ya yiwuwa ga manifol na roba. A manyan garejin Turai akan feshe ramukan da garin ɓawon goron walnat, saboda yana kankare kabon ba tare da ya ci ƙarfe ba.

Aikin yana cin yini, yana cin kuɗi, kuma dauɗar za ta dawo. A nan ne shawarar da ta zama ruwan dare ke shigowa: a yanka ɗan faranti na ƙarfe a toshe hanyar EGR, ko a shiga kwamfutar motar a kashe ta. Hayaƙi ya daina komawa, manifol ya daina cika, mai mota ya huta. NOx ɗin da aka ƙera bawul ɗin don ragewa kuwa sai ya fita ta salansa cikin iskar mai talla a bakin titi, da ɗan acaɓan da ke biye, da jaririn da ke goye a bayan uwarsa a tasha. Kunkunniyar manifol, idan aka duba da kyau, wani kaso ne na cutar da injin ke haifarwa wanda aka tsara mai mota ya ɗauka a aljihunsa domin kada wasu su ɗauka a ƙirjinsu. Toshe bawul ba ya kawar da cutar, yana sauya mata mazauni ne kawai.

Fiƙihun Malikiyya, wanda a kansa ake karatun zaure a ƙasar Hausa, ya daɗe da sanin matsalar hayaƙi. Tushen hukuncinta shi ne hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Muhtasar na Shaihu Halil, da aka rubuta a Masar a ƙarni na 14, ya bai wa alƙali ikon hana hayaƙi irin na gidan wanka da wari irin na majema idan suna cutar da maƙwabta. Malaman mazhabar sun kuma bambance cutar da aka tarar da wadda aka ƙirƙiro daga baya, suka fi tsananta wa ta biyun. Mutum yana da ikon sarrafa mallakarsa, amma ikon yana tsayawa inda cutar wani ta fara. Mota mallakar mai ita ce. Iskar titi ba tasa ba ce.

Sai dai ƙiyasin mota a kan gidan wanka bai zauna daram ba, kuma wahalar mas'alar a nan take. Maƙwabcin gidan wanka mutum ne sananne, yana ganin hayaƙi na shiga ɗakinsa, yana iya kai ƙara. Hayaƙin mota ɗaya yana watsuwa kan dubban mutane, kowa ya samu abin da bai isa ya lura ba. Babu wanda zai nuna tarinsa ya ce daga mota kaza ya fito. Direban da ya toshe bawul yana da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Motarsa tsohuwa ce da aka ƙera don man Turai, inda tun 2009 ba a yarda sulfa ya wuce kashi 10 cikin miliyan ba, alhali ƙasashen Afirka ta Yamma sun shafe shekaru suna karɓar man da ya ninka haka sau ɗaruruwa. Ribarsa ta yini ba ta kai kuɗin gyara ba. Gefensa tireloli da janareto suna turnuƙe gari babu mai ce musu kanzil. Har ma yana iya nuna cewa baƙin hayaƙinsa ya ragu, kuma da gaskiyarsa, domin wuta mai zafi tana rage toka ko da tana ƙara NOx. Abin da ido ke gani ya yi sauƙi, abin da ba ya gani ya ƙaru.

Hujjar ƙanƙantar kaso ita ce ta fi rauni duk da ita aka fi dogara da ita. Iskar babban birni ba wani mutum guda ne ya lalata ta ba, tarin ƙananan kaso ne waɗanda kowane mai su ke ganin nasa bai kai a yi magana ba. Idan wannan uzuri ya wanke mutum ɗaya, ya wanke kowa, sai a wayi gari ga cuta a fili babu mai alhakinta. Hankali ba ya karɓar haka, shari'a ma ba ta karɓa ba, domin rashin mai ƙara ba ya mayar da haƙƙin mutane halal. Malaman ƙa'idojin fiƙihu suna da ƙa'idar cewa ana jure cutar da ta keɓanta ga mutum don a tunkuɗe wadda ta game jama'a, kuma kuɗin wanke manifol misali ne na irin wannan juriya. Hujjar talauci ta fi nauyi. Tana rage zargi ga wanda tilas ta sa, amma ba ta shafi mai jerin motocin haya da ya toshe duka don ƙarin riba ba, kuma da yawa daga cikin masu shaƙar hayaƙin sun fi direban talauci.

Babban alhaki yana kan waɗanda suka fi sani. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa kamfanin Volkswagen ya sanya wa motocinsa na dizal manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage NOx, a kan titi kuma ta bar shi ya kai har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya. Bambancin wannan da farantin ƙarfen gareji na girma ne da na yaudara, amma lissafin iri ɗaya ne: sauƙi ga mai injin, nauyi ga wanda ba a tambaya ba.

Makaniki yana tsakiyar lamarin, domin aikinsa a inda mai mota ba ya gani yake. Risalar Ibn Abi Zaid ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da suka yi aiki a kansu bayan idon mai su. Wanda ya karɓi kuɗin wanki ya toshe bawul a ɓoye ya ci amana, haka ma wanda ya sayar da mota bai faɗi an toshe ba ya ɓoye aibi. Ko wankin gaskiya ma yana barin saura. Baƙin kananzir ɗin da aka wanke manifol da shi, idan aka juye a kwata, ruwan damina zai kai shi kududdufi da rijiyoyin unguwa. Inda ya dace shi ne jarka mai murfi, a haɗa shi da tsohon baƙin mai a miƙa wa masu tattarawa.