Ko Ya Dace A Jawo Yaro Ga Karatu Da Labarin Gwanayen Wasa?

Ba a rasa shi a kowace unguwa, daga Fagge har Damagaram: yaron da zai jero maka 'yan wasa goma sha ɗaya na wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ingila ko Sifen, har da lambar rigar kowannensu, amma in ka ajiye masa layi biyu na Hausa sai ya yi tsuru yana kallon takarda. Wannan yaro ba daƙiƙi ba ne, domin kan da ya riƙe sunaye masu wuyar faɗa haka ba zai gaza riƙe haruffa ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan tara cikin goma na yara 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. Saboda haka wasu malamai suke ganin a bi yaro ta inda zuciyarsa take, a koya masa karatu da labarin gwanayen gudu da kokawa da ƙwallo. Wasu iyaye masu tsoron Allah kuwa hankalinsu bai kwanta ba, suna tambaya: ilimi ibada ne, wasa kuma shagala, yaya za a gina ibada a kan shagala? Ni ina ganin hanyar ta dace, har ma akwai hikima a cikinta, amma da sharaɗi, kuma tambayar iyayen nan ita ce ke nuna mana sharaɗin.

A fara da dalilin da ya sa hanyar take aiki. A 1988 wasu masu bincike biyu a Amurka, Donna Recht da Lauren Leslie, sun ba yara 64 wani rubutu a kan wasan besbol, suka ce kowa ya karanta, sannan ya nuna abin da ya faru ta hanyar motsa 'yan gumakan katako a kan ɗan ƙaramin fili. Abin da ya fito ya ba mutane mamaki. Yaran da ake ɗauka raunana ne a karatu, amma sun san besbol, sun fi gwanayen karatun da ba su san wasan ba fahimtar rubutun. Ma'ana, mai karatu ba da idanu kaɗai yake karatu ba, yana zuwa da abin da ya riga ya sani, shi ne yake cike masa gurbin da marubuci ya bari. Yaron Maraɗi da aka rubuta masa cewa an sa zare, makaɗi ya ɗauki kirari, an yi kisa a turmi na biyu, ba ya bukatar a fassara masa komai. Ƙarfinsa duka sai ya tafi ga haɗa baƙi da wasali, maimakon ya rabu biyu tsakanin harafin da bai sani ba da duniyar da bai taɓa gani ba. Wanda aka ba labarin dusar ƙanƙara ko jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, kaya biyu aka aza masa a lokaci guda.

To, amma abu ya yi aiki ba shi ne ya halatta ba, kuma a nan masu ja suke da ƙarfi. Imam Gazali ya taɓo wannan magana a Ihya'u, inda yake sukar masu jayayyar ilimi don neman girma. Ya yarda cewa ba don alkawarin ƙwallo da sandar bugunta da wasa da tsuntsaye ba, da yara ba su yi sha'awar makaranta ba, sai dai ya ce wannan bai mayar da irin wannan sha'awa abin yabo ba. Maganar tana da nauyi, bai kamata a tsallake ta ba. Amma a lura da abu biyu. Na farko, shi Gazalin ne kuma ya ce a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi da takura masa da karatu kullum yana kashe zuciyarsa, yana dushe basirarsa, har ya fara neman dabarar tserewa daga karatun gaba ɗaya. Na biyu, ba a neman cikar niyya daga wanda alƙalami bai hau kansa ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz cewa sukan sa 'ya'yansu ƙanana azumin Ashura, su yi musu abin wasa da ulu, in ɗayansu ya yi kukan yunwa sai su miƙa masa har lokacin buɗa baki ya yi. Matan Madina ba su tsaya jiran sai yaro ya fahimci ladan azumi ba. Sun riƙe shi da abin da yake so har aikin ya zama masa jiki, niyya ta biyo baya da girma. In ya halatta a kai yaro ga azumi ta hanyar wasa, da wuya a ce bai halatta a kai shi ga harafi ta hanyar labarin wasa ba.

Sannan ita kanta bajintar jiki ba baƙuwa ba ce a addini. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wasu shekaru suka sake ya wuce ta. Ya shirya sukuwar dawaki a Madina, horarru daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, marasa horo kuma ya rage musu nisa. Ya wuce wasu 'yan ƙabilar Aslam suna gasar harbi ya ƙarfafa musu gwiwa, kuma an ruwaito ya kayar da Rukana, gwanin kokawar Ƙuraishawa. Ibnul Ƙayyim littafi guda ya rubuta a kan wannan fanni, Alfurusiyya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne rarrabe dawakin nan da aka yi: an san cewa horo yana da sakamako, an kuma yi wa wanda bai samu horo ba adalci. Wannan kaɗai darasi ne da za a iya rubutawa a jimloli biyar don ɗan aji biyu.

Ja na biyu ya fi na farko zafi, domin daga abin da ido ke gani ya fito. Gidajen kallon ƙwallo suna cika a lokacin salla, shagunan caca sun bi matasa har cikin wayoyinsu, magoya bayan ƙungiyoyin da ba su san da zamansu ba sukan yi faɗa har jini, kuma a fagen dambe da kokawa akwai layu da asirai da ba kowane uba ne zai so ɗansa ya sha'awarta ba. In makaranta ma ta shiga yabon waɗannan taurari, ba ta ƙara wa wuta makamashi ba? Amsata ita ce yaro ya riga ya ji yabon, da makaranta ko babu ita. Abin da bai taɓa ji ba shi ne ɓangaren da allon talabijin ba ya nunawa, kuma wannan rubutu kaɗai ke iya ba shi. Talabijin ta nuna Tobi Amusan daƙiƙa 12.12 a Oregon a 2022, ranar da ta kafa tarihin duniya a tseren mita 100 na tsallake shinge. Littafi shi ne zai faɗa cewa ta zo ta huɗu a Doha a 2019, ta sake zuwa ta huɗu a wasannin Olamfik na Tokyo, wato sau biyu lamba tana kufce mata da taki ɗaya, ba ta ajiye takalmi ba. Littafi ne zai faɗa cewa Ben Johnson ya yi gudun mita 100 a daƙiƙa 9.79 a Seoul a 1988, duniya ta yi ta tafi, cikin kwana uku aka ƙwace zinaren saboda ƙwayoyin ƙara kuzari. Yaron da ya karanta waɗannan biyun da kansa ya gamu da haƙuri da ha'inci a cikin mutane masu suna da fuska. Daga nan malami zai iya kawo ma'anar hadisin da ya ce ba mai kayar da mutane ne ƙaƙƙarfa ba, sai mai mallakar kansa lokacin fushi, kuma yaron da ya san daɗin kaye shi ne zai fi jin nauyin maganar. Sharaɗin da na ambata ke nan: abin karantawa ya zama wahalar da ta haifi gwaninta da halin da gwani ya nuna, ba kuɗinsa ko motarsa ko askinsa ba.

Akwai abin da dole a yarda da shi ba gardama. Sha'awa ba ta koyar da harafi. Komai son yaro ga Ahmed Musa da ƙwallaye biyun da ya ci Ayislan a 2018, ba zai bambance k da ƙ ko d da ɗ ba sai an zaunar da shi an bi da shi daki-daki, kamar yadda makarantar allo take fara babbaƙu kafin farfaru. Labarin gwanaye wurin gwaji ne bayan an aza wannan tushe, kuma ba a zama a cikinsa har abada; daga nisan tsallen Chioma Ajunwa, mita 7.12 a Atlanta a 1996, sai a ratsa zuwa awo da lissafi, daga nan zuwa jikin ɗan Adam da taswirar duniya. Wani yaron ma wasa bai dame shi ba, dabbobi ko tatsuniya ce ƙofarsa, kuma zalunci ne a tilasta masa ta wani.

Babban cikas a wajenmu shi ne abin karantawar ya yi ƙaranci. Nijar tana gasar takobin kokawa tun 1975, lokacin da Kantu na Maraɗi ya ɗauke shi a Tawa, har zuwa zamanin Issaka Issaka na Doso da ya riƙe shi sau da dama. Issaka Dabore ya kawo wa ƙasar tagulla a damben zamani a Munik a 1972, Alfaga ya kawo azurfa a tekwando a Riyo a 2016. Ɗan dambe Shago kuwa, makaɗi Ɗan Anace ne ya sa sunansa ya zaga ƙasar Hausa. Mafi yawan wannan tarihi a bakin makaɗa da dattawa da tsofaffin kaset yake, ba a takardar da ɗan shekara bakwai zai iya riƙewa ba. Marubutan da za su yi wannan aiki suna bukatar zama da tsofaffin 'yan wasa tun suna raye, da malaman firamare da suka san kalmomin da ɗan aji biyu zai iya haɗawa, da kuma malaman addini da za su duba abin da ya kamata a yaba da wanda za a ambata don a guje shi.