Na Rufe, Ya Rufe, An Rufe

Ƴan uwa ɗalibai, zan ba ku labarin wata ƙofa da na rufe. Ƙofar ba ta da katako ba ta da ƙarfe, kuma ba wanda ya taɓa ganin ta, amma wata huɗu ke nan tana bi na har wurin barci.

Mu shida ne muke da fada a Harobanda, ƙetaren gada, kusa da jami'a. Daren Asabar in an ɗora shayi, wasu fadodin karta suke bugawa, mu kuwa mun kamu da wani wasa da wata ƴar sashen nazarin ƙasa ta kawo mana. Wasan tebur ne na shiga rigar wani: kowa ya ɗauki mutum guda na cikin labari ya riƙa magana da bakinsa, mutum ɗaya kuma ya zama mai jan labari, shi ke faɗin abin da duniya ta mayar maka. In abin da kake son yi yana da haɗari, sai a jefa ƙwayar lido. Irin wannan wasa ya samo asali a Amurka, inda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974. Reshensa mai labarin bayan rushewar duniya ya biyo baya da sauri: Gamma World a 1978, Twilight: 2000 a 1984, Apocalypse World a 2010. Namu shi ne Mutant: Year Zero, na wani kamfanin ƙasar Suwidin, wanda ya fito a 2014.

A cikinsa duniya ta riga ta ƙare. Waɗanda suka saura suna zaune a wata mafaka, ba sa haihuwa, Tsohon da ya raine su kuma yana bakin mutuwa. Harsashi ne kuɗi. Kowane mutum yana buƙatar kason abinci ɗaya da kason ruwa ɗaya a rana, kuma dole a rubuta. Mu da ƙwallon dabino muke ƙirga ruwanmu, a cikin murfin kwano.

Ran da abin ya faru an ɗauke wuta, muna wasa da hasken salula. Mutanenmu biyar sun yi nisa da mafaka, tafiyar kwana huɗu, sun kwana a wani tsohon gidan famfo mai ƙofar ƙarfe. Ƙwallon dabino ashirin ne cikin murfi. Mutum biyar, kwana huɗu: ashirin cif, ba rara. Sai mai jan labari ta ce ana buga ƙofa. Mutum bakwai ne, ɗaya yana tari, suna roƙon ruwa. Nawa mutumin shi ne ƙaton ayarin, shi ke tsaye bakin ƙofa. Na yi lissafi kamar yadda kowa zai yi: goma sha biyu a kan ashirin ko kwana biyu ba za a kai ba. Kafin sauran su buɗe baki na ce, "Na rufe ƙofa, na sa sakata."

Ta dube ni ta ce, "Suna ta bugawa. Mi kake yi?"

Na ce, "Ina zaune."

Ba ta ƙara komai ba sai ta kai mu safiya. Da muka buɗe, ba kowa. Bido bakwai ne kawai a jere bakin ƙofa, babu ko ɗigo a ciki, an jera su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake kama layi a famfon unguwa. Wanda ya taɓa aje bido da asuba don ya riƙe masa layi ya san abin da ta yi mana. Abokin ɗakina, mutumin Tawa, ya ƙi shan shayi na uku. Da muna komawa ya ce mini, "Ashe haka kake?" Na ce, "Haba, wasa ne fa." Ya ce, "Wasa ne, amma bakinka ne."

To, tambayar da nake so mu duba ke nan: abin da mutum ya aikata cikin wasa, nasa ne ko ba nasa ba?

Hujjata ta farko daga aji na ɗauko ta. John Austin, a littafinsa da ya fito a 1962 bayan rasuwarsa, ya nuna cewa wasu maganganu aiki ne da kansu. In waliyyi ya ce "na ba shi" a wurin ɗaurin aure, ba labari ya bayar ba, auren ya ɗaura. Amma Austin ɗin ya ware maganar ɗan wasa a kan dandamali, ya ce ita fanko ce. Ɗan wasan kwaikwayo zai iya sakin matarsa ta cikin wasa sau goma, ya koma gida aurensa na nan. Mu ma mun san wannan tun muna yara: daga an ce "ga ta nan, ga ta nanku" an shiga wani fili, duk ƙetar da Gizo ya yi ba a tuhumar kaka da ita. Saboda haka ba wanda ya mutu da ƙishirwa a Harobanda ran nan. Ba ni da alhakin rai. Wannan gaskiya ne, kuma har yanzu ina kanta.

Sai dai akwai inda hujjar ta tsaya. Ɗan wasan kwaikwayo an rubuta masa abin da zai faɗa. Kaka ma ta gaji tatsuniyar ne, Gizo ya riga ya yi ƙetarsa tun kafin a haife ta. Ni ba wanda ya rubuta mini. Ƙofar ƙarya ce, mutum bakwai ɗin ƙarya ne, amma zaɓin a kaina aka yi shi, da lissafina, cikin daƙiƙa kamar biyar. Wannan ɓangaren bai da fanko ko kaɗan.

Abin da ya kama ni dumu-dumu kuwa nahawu ne. Washegari ina ba wani labarin wasan, mai jan labari tana gefe. Na ji kaina na ce, "Sai ƙaton nan ya rufe ƙofa." Can gaba kuma na ce, "Da dai aka rufe musu ƙofa..." Sai ta katse ni: "Tsaya malam. Jiya *na* ka ce. Yau wa ya rufe?"

Emile Benveniste ya koya mana cewa "ni" ba shi da ma'ana tsayayya, yana nufin duk wanda ya furta shi a lokacin da ya furta. Mutum na uku kuma, malaman nahawun Larabci suna ce masa ga'ibi, wanda ba ya nan. Hausa ta ƙara mana wata mafaka da ta fi wannan: *an*, *aka*, *ana*. Aiki ya auku, mai aikin ya ɓace. An ci kuɗin, an kori yaron, an rufe ƙofa. Cikin awa goma sha biyu na bi matakan nan uku, daga *na* zuwa *ya* zuwa *an*, ba tare da na shirya ba. In da gaske na yarda wasa ne kawai, mi ya sa harshena yake neman wurin ɓuya?

Wani zai ce, kuma wani a fadarmu ya faɗa: wasan ne aka gina haka. An ba ka ashirin, an turo maka bakwai, lissafi ya riga ya yanke hukunci, kai dai ka karanta shi ne. Na so in yarda. Amma da na koma kan dokokin sai na ga wani abu. A wasan nan ba a jefa ƙwaya sai in abin yana iya ɓaci. Ni ran nan ban jefa ko sau ɗaya ba. Da na tambaye su daga ina suke, da na nemi su kai mu inda suka saba ɗibar ruwa, da makanikenmu ya gwada tada tsohon famfon da muke kwance a kansa, duk sai an jefa, kuma ana iya faɗuwa. Sakata ce kaɗai ba ta buƙatar ƙwaya. Na zaɓi abin da ba ya kuskurewa, na sa masa suna hankali.

Da hutu na je gida Maradi na ba kakata labarin, ina zaton za ta yi dariya. Ita ta ga yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El Buhari, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Ta sha ba mu labarin yadda ake jiƙa anza kwana da kwanaki ana zubar da ruwan don ɗacin ya fita kafin a ci. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Kai ɗan nan, ko sunansu ba ka tambaya ba?" Daga nan ta shiga lissafa mini gidajen da suka raba ɗan abin da ke gare su a shekarar, da gidajen da suka kulle. Shekara arba'in, ba ta manta ko ɗaya ba. Na lura kuma ba ta ce "an kulle" ko sau guda. Wane ya kulle, wance ta buɗe.

Ga inda na tsaya. Wasa ba ya nuna abin da za ka yi ran da abin ya zo da gaske. Mai kulle ƙofa a tebur yana iya buɗe ta a rayuwa, mai buɗewa a tebur yana iya kullewa, tunda kyauta da ƙwallon dabino ba ta da wuya. Abokin ɗakina ya yi gaggawa da ya ce haka nake. Amma ni ma na yi gaggawa da na ce ba komai. Abin da wasa ke nunawa shi ne wace hujja ce ta fi kusa da hannunka in an matsa ka. Tawa ita ce lissafi, ta iso kafin tambaya. Gara da na gano haka a kan tabarma, inda kuskuren bai ci ran kowa ba.

Asabar ta gaba na roƙi mai jan labari ta mayar da mu daren nan. Ta ce a wasanta ba a komawa baya. Sai na ce to mutumina zai ɗauki bido ɗaya cikin bakwai ɗin ya rataya. Ta ce zai ci mini wurin kaya guda a takardata, kuma ba ya da amfani. Na ce na sani, ta rubuta.

Har yau yana cikin takardar, tsakanin wuƙa da igiya. Jiya wani sabon ɗan wasa ya tambaye ni na mene ne. Na ce masa, "Na wasu mutane ne da na rufe wa ƙofa."