Yaron da Muryarsa Ba Ta da Daɗi: A Fitar da Shi Daga Sahu?

Tun da makarantun Islamiyyarmu suka fara ɗaukar malamin murya don koya wa yara rera ƙasida a tare, ba ganga ba bandiri, wata tambaya ta taso. In yaro yana son shiga amma muryarsa tana ɓata ta sauran, yaya za a yi da shi? Wasu sun ce a cire shi, wasu sun ce ya tsaya a baya yana motsa baki kawai ranar walima.

Masu cewa a cire suna da hujja. Lokacin da Abdullahi ɗan Zaidu ya yi mafarkin kiran sallah, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya koya wa Bilal, don muryar Bilal ta fi tasa kaiwa nesa. Ke nan zaɓen mai murya ba zalunci ba ne. Mu ma ba kowa muke miƙa wa lasifikar masallaci ba.

Amma fa jama'a, ladani mutum ɗaya ne, amshi kuwa na taro ne. Ranar da sahabbai ke haƙa ramin Khandak a shekara ta 5 bayan Hijira, suna aiki suna rera baitoci, ba a ware masu zaƙin murya ba. Haka jajis ɗin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, suka bi ƙauyuka suna koya wa mata addini da waƙa. Abin nema shi ne karatu ya shiga zuciya. Ishiriniyar Alfazazi da muke yi a watan Maulidi ma, tsoho mai tari da yaro mai tsiwa duk tare suke ɗauka.

Duk wanda ya leƙa ajin ya san aikin malamin nan. Yakan tsayar da yara da'ira, ya koya musu jawo numfashi daga ciki, ba daga maƙogwaro ba. Yakan ba da sautin farawa, kowa ya kama. Yakan nuna musu gaɓa mai tsawo da gajera, da yadda wani zai shaƙi iska yayin da na kusa da shi ke riƙe da baiti. Yawancin waɗanda muke ce wa marasa murya, kunne ne bai saba ba, kuma saurare yana gyara shi. Namiji kuwa in ya kai wajen 13 zuwa 15, dole muryarsa ta fashe kafin ta zauna. Za mu kore shi don halittar Allah?

Wallahi wanda ya fi wahalar da malami shi ne mai zaƙin muryar da ke ɗaga ta sama da kowa don a ji shi. Wannan ita ce ƙofar riya. A cikin amshi yake koyon sassautawa, kamar yadda mamu ba ya riga liman ruku'u.

Shi kuma motsa baki ba sauti, mu kira shi da sunansa: ha'inci ne. A kasuwa muna tsine wa mai jera manyan tumatir a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. Ta yaya za mu koya wa yaro irin wannan a makarantar addini, don kawai baƙi su tafa?

Mu tuna kuma inda muke. An kafa Sabon Ibadan tun 1916, yau jikokinmu da yawa Yarabanci da Turancin buroka sun fi Hausa sauƙi a bakinsu. Ajin ƙasidar nan yana cikin wurare kaɗan da suke furta Hausa da Larabci daidai. Yaron da muka kora, titi ne zai karɓe shi.

Shawararmu: jan baiti a ba wanda ya iya, amshi a bar wa kowa. Mai rauni a sa shi tsakanin ƙwararru biyu, a yi haƙuri da shi. Allah ya shirya mana zuriya, amin.