Tatsuniya Tana Tsarkake Wuri?

A Ingila akwai kangon wani gidan sufaye, Gilastonbari. An ce Yusufu na Arimatiya, wanda ya binne Ubangijinmu, ya zo wurin ya kafa sandarsa, ta tsiro. Littafi Mai Tsarki bai faɗi haka ba. A 1184 gobara ta cinye gidan. A 1191 sufayen suka ce sun tono kabarin Sarki Arta. Masana da yawa suna ganin kuɗin gini su ke nema wurin masu ziyara.

To, 'yan'uwa, ya halatta a ƙara wa labari gishiri domin aikin Allah? A'a. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ran da rarrauna ya gane an ruɗe shi, har gaskiyar ma sai ya yi shakkarta. Labarin kuwa bai tsare gidan ba, gama Sarki Hanari na Takwas ya rufe shi a 1539.

Mu a Moriki ba mu da kabarin wani tsarkaka, kada kuwa mu ƙaga. Yesu ya koya wa Basamariya a bakin rijiya cewa Uba ba dutse ya ke nema ba, sai masu sujada da gaskiya. Wanda tsoro ya raba da garinsu, Allah yana jinsa ko a gindin tsamiya.