Kyan Ɗan Maciji a Tsakar Gida

Akwai wata fulawa da ake zagaye gidaje da ma'aikatu da ita, masu lambu na kiranta duranta. Da yawanmu mun san ta a ido, ko da ba mu san sunanta ba. Asalinta daga ƙasar Meziko ne da kudancin nahiyar Amurka, amma ta karɓi ƙasarmu kamar nan aka haife ta. Dasa ta ba wuya: ki yanko reshe da damina, ki soka a tukunya mai ƙasa da ɗan taki, ki riƙa ba ta ruwa, shi ke nan ta kama.

Wadda ake yi wa aski kullum don ta zama shinge ba kasafai take fure ba, domin a kan sabon tsiro furen yake fitowa, almakashi kuwa shi yake fara ci. Idan aka sake ta sai ta zubo furanni shuɗi-shuɗi, wasu irin nata da ƙamshi mai sanyi. Bayan fure ya bushe 'ya'ya su biyo, ƙanana, ruwan ɗorawa, a jere kamar dutsen wuyan amarya. Wallahi abin sha'awa.

To, 'ya'yan nan guba ne, haka ma ganyen. Tsuntsaye na ci su tashi lafiya, amma yaro idan ya ci da yawa sai amai da zazzaɓi da magagi, wani har jijjiga, ana ma iya rasa shi.

A nan tambayar take. Mace ta wuni tsakanin murhu da wanki, ba ta da wani wurin shaƙatawa sai tsakar gidanta. Ta rage kuɗin cefane ta sayi tukunya, ta yi tattalin ruwa har shukar ta girma. Shin laifi ne ta bar ta ta yi ado yadda Allah Ya halicce ta? Wata za ta ce gidana ne, 'ya'yana sun yi wayo, na kuma ja musu kunne. Maganarta da ƙamshin gaskiya. Ai ba a fasa ajiye wuƙa a gida don akwai yara, ba a fasa hura wuta.

Sai dai wuƙa da wuta dole ce ta sa, kuma ana iya ɗauke wuƙa a ɗora bisa kanta. Wannan kuwa marmari ne, ga ta a ƙasa daidai hannun mai rarrafe, ga launi mai kiran yaro. Sannan gidan Bahaushiya yaushe ya zama na 'ya'yanta kaɗai? Ɗan maƙwabta zai shigo aike, ga na abokiyar zama, ga na baƙuwar da ta sauke goyo ta shiga sallah. Waɗannan ba ki ja musu kunne ba, ɗan shekara 2 ma wane kunne gare shi? A ganina haƙƙinsu ya rinjayi sha'awar idonki, ko da ba su san kina ɗauke da shi ba.

Ban ce ki tumɓuke ta ba fa. Ki bar ta ta yi furenta, ki sha ƙamshinki da yamma. Da zarar furen ya fara zuba, ki sa almakashi ki datse kan reshen tun 'ya'yan suna kore, ki tattara har da na ƙasa ki kai inda yaro ko akuya ba za su kai ba. Ki kula da hannunki, wasu rassan da ƙaya. Datsewar ma takan sa ta yi sabon tsiro, wani furen ya sake fitowa.

Idan kuwa gidan haya kike mai yara da yawa, ba ki da lokacin bin ta da almakashi, ki dasa lalle a gurbinta. Furensa ma ƙamshi gare shi, ga ganyen ƙunshi ranar biki.