Bambancin Fahimtar Ɗalibai da Abin da Ya Hau Kan Malami

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci zukata, Ya bambanta su wajen ɗauka da riƙewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani, ya kai ɗan'uwa mai koyarwa, akwai maganar da ta yaɗu tsakanin masu horar da malamai, wai kowane yaro yana da ƙofa guda da ilimi yake shigarsa: wannan ta ido, wancan ta kunne, wani ta karatu da rubutu, wani sai ya taɓa da hannu. Neil Fleming, wani malami a ƙasar Niyu Zilan, shi ya tsara wannan rabo gida huɗu a 1987, har da tambayoyin da ɗalibi zai amsa ya gano gidansa. Maganar tana da daɗin ji. Sai dai a 2008 wasu masana huɗu a Amurka, cikinsu har da Harold Pashler, sun bi diddigin binciken da aka yi a kanta, ba su sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa daidaita darasi da zaɓin yaro yana ƙara masa fahimta ba. Abin da yaro ya fi so daban, abin da ya fi amfanarsa daban.

Duba koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Anas ya ba da labarin cewa yakan maimaita magana sau uku don a gane. Ibn Mas'ud ya gan shi yana zana layuka don bayyana ajali da dogon buri. Ya kuma yi salla a kan mumbari don jama'a su gani su koya. Sahabban dai su ne, ba a ware masu kunne daga masu ido ba. Darasin ne yake zaɓar hanyarsa. Inda Manzon Allah ya bambanta tsakaninsu shi ne gwargwado da hali, shi ya sa da mutane suka tambaye shi aikin da ya fi falala, amsoshin suka sha bamban. A kan haka ne Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa cikin ayyukan malami ya tsaya daidai inda hankalin ɗalibi ya kai.

Makarantar allo ta riƙe wannan asali, ko da masu raina ta ba su lura ba. Kolo yana jin malam ya biya masa, yana ɗora yatsa a kan babbaƙu da farfaru, yana ɗaga murya, in ya tasa kuma ya ɗauki alƙalami da tawada ya rubuta da kansa. Kunne da ido da harshe da hannu duk suna aiki a darasi ɗaya, kuma kan kowa. To ina bambancin? A ƙari yake. Yara suna zaune kan tabarma ɗaya, allon kowa da inda ya tsaya. Mai kaifin hadda a cika masa allo, mai nauyin kai a ba shi aya biyu, kuma ba mai wanke allo sai ya kawo karatunsa an saurara. Ba na kare bulalar da wasu ke haɗawa da wannan. Ibn Khaldun ya riga ya faɗi yadda tsanani yake koya wa yaro ƙarya da kasala.

Irin wannan la'akari da halin mai koyo Nana Asma'u ta yi wa matan karkara: ta zuba ilimi cikin waƙe na Fulatanci da Hausa, malamai mata da ake kira jaji suka kai musu, domin ta auna halin da suke ciki na aikin gida da nisan gari.

Abin tsoro ga rabon Fleming shi ne laƙabi. Yaron da aka ce masa kai mai koyo da hannu ne, ya sami uzurin gudun littafi, alhali karatun ne ya fi bukatar a dage masa a kai. Malamin da ɗalibai suka yi wa yawa a aji ba zai shirya darasi iri huɗu ba, amma zai iya faɗa, ya zana a allo, ya sa a yi da hannu, sannan ya jefa 'yan tambayoyi kafin a tashi. Waɗanda suka kasa amsawa, su zai fara nema gobe kafin ya yi wa ajin ƙari.