Muna da ikon barin tsohon iri ya ɓace?

Ƙasarmu ta Gumel da Maigatari ƙasar gero da riɗi ce, amma shinkafa ta zama abincin kowane gida, kuma a fadamun Haɗejiya maƙwabtanmu suna noma ta sosai. Da yawa cikinsu sun rungumi sababbin iri kamar FARO 44, gama suna ba da amfani mai yawa, sun bar irin kakanninsu. Ba mu ga laifinsu ba: mai iyali yana neman abin da zai cika rumbu. Duk da haka akwai tambaya a gabanmu. Daidai ne mu bar iri ya ɓace domin bai kawo riba bana ba?

Kowane sabon iri yana da iyaye. Masana suna zaɓen shinkafa biyu, su haɗa su, su tace 'ya'yansu shekara da shekaru. Idan iyayen dangin juna ne na kusa, rauninsu ɗaya ne, cuta guda tana iya cinye gonaki duka. Haka ya faru da dankalin Ailan daga 1845, inda yunwa ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya.

Mu dubi shinkafarmu ta Afirka, wadda aka fara nomawa a bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Mali ta yau, shekaru wajen 3,000 da suka wuce. An raina ta domin takan kwanta, ƙwayarta kuma tana zuba kafin girbi. Amma tana jure fari, tana danne ciyawa. A shekarun 1990 Dokta Monty Jones, mutumin Saliyo, da abokan aikinsa na cibiyar WARDA suka haɗa ta da shinkafar Asiya, aka sami irin NERICA. Da manoma sun watsar da ita, da me za a haɗa? Da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka muna cewa iri amana ne. Mun karɓe shi daga waɗanda suka riga mu, muna riƙe da shi domin waɗanda ba a haifa ba tukuna, ba su kuwa da bakin magana a kasuwarmu. Masanin da ke zaɓen iyayen iri, kada ya dubi yawan buhu kaɗai. Manomi ya shuka sabon iri, amma ya keɓe wa tsohon kunya biyu ko uku kowace damina.

Allah ya albarkaci gonakinmu. Amin.